Bariyom a Cikin Giris da Man Hana Tsatsa: Haɗarinsa Daga Masana'anta Zuwa Gareji

Tsakure

Wannan maƙala ta duba sinadaran bariyom da ake haɗawa a giris da man hana tsatsa da sauran mayukan injunan masana'antu. Ta nuna cewa illar bariyom ga jikin ɗan Adam ta rataya ne a kan narkewarsa: wanda ba ya narkewa, likita da kansa yake ba mara lafiya ya sha, wanda ke narkewa kuwa, 'yan giram kaɗan sun isa su yi kisa. Daga nan ta bi sawun waɗannan mayuka tun daga inda ake haɗa su har zuwa garejin makanikai da juji. Hujjar da take kafawa ita ce, a kasuwanninmu haɗarin ya fi tsananta ne a daidai inda man ya rabu da mazubinsa na asali da takardar bayaninsa.

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa raka mara lafiya ɗaukar hoton hanji a asibiti zai iya tuna wani farin ruwa mai kauri da ake ba shi ya shanye kafin a sa shi a na'ura. Bariyom salfet ke nan. Yana bin hanji ya fita yadda ya shiga, domin ruwa ba ya narkar da shi, tsamin ciki ma ba ya iyawa. Akwai kuma bariyom kabonet. Shi ma farin gari ne, ido ba ya raba su, amma shi an daɗe ana haɗa maganin ɓera da shi, saboda da isarsa ciki sai tsami ya narkar da shi ya shiga jini. A shekarar 2003, a jihar Goyas ta ƙasar Brazil, an shayar da marasa lafiya irin wancan farin ruwa, ashe ya gurɓata da kabonet tun daga inda aka haɗa shi. Binciken hukumomin lafiya ya ƙirga mutum 44 da suka nuna alamun guba, 9 daga cikinsu suka rasu.

Don haka wanda ya tambaya ko bariyom guba ne, kafin a ba shi amsa sai an tambaye shi: wane bariyom ɗin, a haɗe da me, kuma me zai same shi nan gaba?

Shi dai bariyom ƙarfe ne mai lamba 56 a jadawalin sinadarai, 'yan ɗaki ɗaya suke da kalsiyom da magniziyom. Carl Scheele ya fara gano alamarsa a 1774, Humphry Davy ya ware shi a Ingila a 1808. A Nijeriya ba baƙo ba ne. Dutsen barayit, wato bariyom salfet na ƙasa, ana haƙar sa a Azara ta ƙaramar hukumar Awe a jihar Nasarawa, da wasu sassan Binuwai da Taraba da Kuros Riba, akasari don a zuba a taɓon haƙar rijiyoyin mai, nauyinsa ya danne matsin da ke tasowa daga ƙarƙashin ƙasa. Wannan dutse marar narkewa shi masana'antu ke gasawa da gawayi ya koma bariyom salfayid, daga nan a fitar da kabonet da kulorayid da haidirokzayid. Da waɗannan masu narkewar ake yin mahaɗan mai.

Abin da ya kai bariyom cikin mai

Tataccen man ƙasa shi kaɗai ba ya iya hidimar inji. Sai an sa masa mahaɗai, wani ya hana tsatsa, wani ya kashe tsamin da ke taruwa, wani ya ba shi kauri. Mahaɗin bariyom da ya fi yaɗuwa a yau shi ne salfonet, musamman bariyom dainonilnaftalin salfonet, wanda kamfanin King Industries na Amurka ke sayarwa da sunan NA-SUL BSN. Ƙwayarsa tana da kai mai son ƙarfe da jela mai son mai. Kan ya manne a fuskar ƙarfe, jelar ta tsaya a waje tana korar danshi. Shi ya sa ake sa shi a man da ake shafa wa faifan ƙarfe da boris da kayan gyara kafin su ƙetaro teku, da kuma wasu mayukan giya da na haidirolik. Maiƙon nan mai danƙo da makanike ke tararwa a jikin sabon boris man hana tsatsa ne, wani da kalsiyom aka haɗa shi, wani da bariyom, kuma kwalin ba kasafai yake faɗa ba.

Lissafi ɗan kaɗan zai taimaka. A tsantsar wannan salfonet, bariyom ya kai kashi 13 cikin 100 na nauyinsa. Ana sayar da shi a sirke rabi da rabi da mai, ke nan kashi 6.5. Duro mai nauyin kilo 200 na wannan mahaɗi yana ɗauke da bariyom kilo 13. Idan kuwa aka zuba kashi 2 nasa a man da za a kai kasuwa, abin da ke cikin kilo guda bai wuce giram 1.3 ba. Tsakanin ma'aikacin da ke buɗe duron farko da makaniken da ke shafa man ƙarshe akwai tazarar ninki 50, bai kuwa kamata a yi musu gargaɗi iri ɗaya ba.

Akwai wani nau'in salfonet da ake cusa wa ƙarin bariyom kabonet, ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, don ya riƙa kashe tsami a cikin mai. Wannan ya fi buƙatar kula, domin kabonet ɗin da aka ambata a sama ne, an dai lulluɓe shi da mai.

Sai giris. Giris mai ne da aka daskarar da sabulun ƙarfe, na litiyom ko kalsiyom ko sodiyom ko bariyom. Na bariyom, musamman haɗaɗɗen nau'insa, yana jure ruwa da tururi da nauyi, kuma ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 220. Staburags NBU da Isoflex NBU 15 na kamfanin Klüber na Jamus misalai ne da injiniyoyi suka sani. An yi irin wannan giris ne don boris ɗin famfunan ruwa, da sandunan injin masu tsananin gudu, da injunan rini da wanki da ke aiki cikin danshi dare da rana, wato irin yanayin da aka sani a masaƙun Kakuri a Kaduna da majemun Chalawa da Sharaɗa a Kano. Girisin bariyom yana cin sabulu da yawa fiye da na litiyom, don haka ƙarfen da ke cikinsa ya fi na man hana tsatsa nesa ba kusa ba.

A shekarun 1950 da 1960 an sa bariyom a man injunan dizal, an kuma zuba shi a man gas don rage baƙin hayaƙi. Kalsiyom da magniziyom sun ture shi daga can. A yau idan ɗakin gwaji ya auna tsohon man mota da tsarin ASTM D5185 ya ga bariyom, abin da aka fi zato shi ne giris ko man hana tsatsa ne ya shiga ciki.

Abin da yake yi a jiki

Kowace ƙwayar tsoka tana riƙe da potasiyom fiye da wanda ke cikin jini. A jikinta akwai famfo mai tura potasiyom ciki ba hutawa, akwai kuma 'yan ƙofofin da yake fita. Bariyom ƙofofin yake toshewa, famfon kuma bai daina aiki ba. Sai potasiyom ya taru a cikin tsoka, na jini ya faɗi. A mai lafiya yana tsakanin 3.5 zuwa 5.0 a ma'aunin asibiti, a wanda gubar ta kama sosai yana iya sauka ƙasa da 2.

Bayan an haɗiye bariyom mai narkewa, cikin awa guda ko 'yan awoyi sai dalalar miyau, da amai, da murɗar ciki, da gudawa kamar ruwa. Sai mutum ya ji gefen bakinsa da yatsunsa suna mintsini, tsokoki suna rawa, sannan gaɓoɓi su mutu. Hankalinsa yana nan, yana ji yana gani, amma ba ya iya ɗaga hannu. Jini ya hau, bugun zuciya ya rikice. Abin da ke kashewa ɗayan biyu ne, ko zuciya ta tsaya ko tsokar numfashi ta gaza.

A farkon shekarun 1940 likitoci suka ba da rahoton wata shanyewar jiki a yankin Kiating na lardin Sichuan a ƙasar Sin, wadda mutanen wurin ke kira Pa Ping. Daga baya aka gano gishirin miya ne da ake dafawa daga rijiyoyin yankin yake ɗauke da bariyom kulorayid. A 1963 a Isra'ila, fiye da mutum 100 suka kamu bayan sun ci naman da aka haɗa da bariyom kabonet a maimakon garin dankali. A duka biyun, da na Brazil, ba wanda ya san ya ci bariyom. Farin gari ne ya shiga matsayin wani farin gari. Wannan ne ya fi damuna idan na duba yanayinmu. Wanda ya zo asibiti da amai da gudawa a damina, kwalara za a fara zato. Wanda gaɓoɓinsa suka mutu farat ɗaya alhali yana magana, a gidaje da yawa iska za a ce, a nufi wajen mai ruƙiya kafin a tuna da asibiti. Awoyin da ake ɓatawa a nan su ne awoyin ceton rai.

Illar dogon lokaci a ƙoda ta fi bayyana. Gwajin shekara biyu da Shirin Nazarin Guba na Amurka ya wallafa a 1994 ya nuna lalacewar ƙoda a ɓerayen da aka shayar da bariyom kulorayid, bai kuwa sami alamar yana jawo ciwon daji ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a ruwan sha miligiram 1.3 a lita, Amurka ta sa 2. A iskar wurin aiki, iyakar bariyom mai narkewa miligiram 0.5 ce a kowace kubik mita ta iska, a Amurka da Tarayyar Turai duka.

Bariyom da ke lulluɓe cikin mai ba ya saurin shiga jini kamar gishirin da ke narkewa a ruwa, kuma lafiyayyar fata ba ta barin sa ya wuce sosai. Wannan gaskiya ce da ya kamata a faɗa, don kada a tsorata mutane a banza su daina sauraro. Amma tsamin ciki yana iya raba sabulun bariyom da kabonet ya saki ƙarfen. Shi ya sa dokar Turai ta sa gishirin bariyom gaba ɗaya, ban da salfet da wasu 'yan kaɗan, a rukunin abubuwan da ke cutarwa idan an haɗiya ko an shaƙa.

Inda haɗarin ya taru

A masana'antar haɗa mai da giris, abin tsoron a bayyane yake. Bariyom haidirokzayid yana ƙona fata da ido, ƙurarsa tana narkewa a majina da miyau. Mahaɗin duro kuwa yana da kauri, sai an ɗumama shi yake zuba, idan aka zarce da wuta sai ya yi hayaƙi. Maganin wannan sananne ne: a riƙa jan mahaɗi da famfo ta bututu, a kafa na'urar zuƙe iska a bakin tukunya, a kewaye wurin ajiya da ɗan gini mai tare malala, a nesanta shi da asid, a ajiye ruwan wanke ido a kusa, abin da ya zube a kwashe da yashi kada a kora shi kwata. Safar hannu ta naitiril da tabarau da takunkumi mai matata suna biye. Na sa su a ƙarshe da gangan. A zafin Maris da Afrilu, lokacin da Kano da Sakkwato ke haura digiri 40, ma'aikaci zai cire safa ko da an hana shi. Kamfanin da ya jingina kariyarsa duka a kan safa da takunkumi ya ɗora wa ma'aikaci nauyin da shi ya kamata ya ɗauka.

A gareji lamarin dabam yake. Abin da ya fi cin makanike yau da gobe ba bariyom ba ne, man kansa ne da fetur ɗin da yake wanke hannu da shi, su ke busar da fata su tsattsaga ta. Bariyom ta baki yake shiga: hannu mai giris ya ɗauki ƙosai, ya ɓare goro, ya riƙe sigari. Ga kuma tsotso mai da tiyo, aikin da yaran gareji aka fi sa wa, su ne kuwa jikinsu ya fi ƙanƙanta. Wata hanyar ita ce wuta. Mai walda da ya ɗora wuta a kan ƙarfen da ba a goge man hana tsatsa ba, man zai ƙone, ƙarfen da ke cikinsa ya tashi cikin hayaƙin da yake shaƙa. Haka mai fesa man da bindigar fenti a ɗaki rufaffe.

Bindigar giris tana da nata haɗarin da ba ruwansa da irin sabulun. Matsinta yana kai dubban fam a kowane murabba'in inci, alhali fam 100 ya isa ya huda fata. Idan ta harbi yatsa, ɗan ɗigo ake gani kamar na allura, amma giris ya riga ya bi jijiyoyi ya shiga tafin hannu. Wannan aikin likitan tiyata ne a ranar, wanda ya bari sai ya kumbura yana iya rasa yatsan.

Wuri na uku shi ne wanda littattafan Turawa ba su cika magana a kansa ba, domin a can ba a yin sa. A kasuwanninmu giris daga bokiti ake ɗibar sa a zuba a gwangwanin madara ko leda, mai kuma a gorar lemo. Mai saye bai san sunansa ba, sau da yawa mai sayarwa ma launi kawai ya sani. Gorar lemo mai ɗauke da mai a tsakar gida tarko ce ga yaro. Shi kuwa duron, da ya ƙare sai ya sami mai saye, a wanke shi da omo, ya koma ma'ajiyar ruwa, bokitin giris kuma ya koma na jiƙo. Salfonet an yi shi ne musamman don ya manne wa ƙarfe ya ƙi ruwa, wankin omo ba ya fitar da shi duka. Abu mai tsami kuwa, irin tsamiya da zoɓo da nono da gasara, shi ne ke iya sakin bariyom daga ragowar sabulu da kabonet. Ba ina cewa kowane tsohon duro yana da bariyom ba. Matsalar ita ce da zarar takarda ta ɓace, ba mai iya raba wanda ke da shi da wanda ba shi da shi.

Taimakon gaggawa

Al'adarmu idan mutum ya sha guba a ɗura masa manja ko madara, a sa masa yatsa a maƙogwaro. A nan wannan kuskure ne mai tsada. Man hana tsatsa da yawa da wani ruwa mai kama da kalanzir aka sirka su, idan amai ya mayar da shi ta hanyar numfashi sai ya ƙona huhu. A kurkure baki, a garzaya asibiti, a tafi da mazubin.

Ga ma'aikatan lafiya, garin gawayin da ake ba masu shan guba ba ya kama bariyom. Abin da ke kama shi salfet ne: sodiyom salfet ko magniziyom salfet ta baki, su mayar da shi bariyom salfet tun yana hanji. Magniziyom salfet sananne ne a ɗakunan haihuwarmu saboda jijjigar masu ciki, amma a kula, a wannan matsala ta baki ake so, domin salfet ta jijiya yana iya daskarar da bariyom a cikin ƙoda. Sai a auna potasiyom, a ƙara shi ta jijiya ana duban bugun zuciya, a kuma riƙa maimaita awon, saboda idan ƙofofin suka buɗe, wanda ya taru a tsoka zai fito gaba ɗaya ya yi yawa. Wanda numfashinsa ya gaza na'ura yake buƙata, wankin ƙoda kuma yana fitar da bariyom daga jini. Tambaya ɗaya, wato wace sana'a yake yi, tana iya kai likita ga wannan hanya tun da wuri.

Shara, doka da musanyawa

Wuta tana cin mai amma ba ta cin ƙarfe. Idan aka ƙona tsohon giris ko tsumman goge hannu, bariyom yana nan a toka da hayaƙi, wani ya koma salfet, wani ya koma okzayid da kabonet masu narkewa. Wannan ya shafi masu hura wutar narkar da dalma da sanholo da baƙin mai. Haka masu shafa shi a jikin dabba don ƙazuwa, dabbar kuwa lasa take yi. A Amurka duk sharar da gwaji ya nuna tana sakin bariyom miligiram 100 a lita, ana lissafa ta cikin shara mai haɗari da lambar D005. Yarjejeniyar Basel ta 1989 ta sa tsohon man inji a rukunin Y8.

Nijeriya ba ta rasa dokoki ba. Bayan jibge shara mai guba a Koko a 1988 aka yi dokar hana shara mai cutarwa a shekarar, akwai dokar masana'antu ta 1987, an kafa hukumar kare muhalli ta NESREA a 2007, hukumar SON tana tsara ma'aunin mai, hukumar NMDPRA kuma tana ba masu haɗa mai lasisi tun bayan dokar man fetur ta 2021. Duk waɗannan ƙarfinsu a bakin ƙofar masana'anta yake ƙarewa. Takardar bayanin kariya mai sassa 16 tana zuwa da Turanci, ta tsaya a ofis. Abin da nake ba da shawara ba ya buƙatar sabuwar doka. A wajabta wa mai shigo da kaya ya tsamo sashe na 3 da na 4 da na 8 da na 13, wato abin da ke ciki, da taimakon gaggawa, da kariya, da zubarwa, ya mayar da su shafi ɗaya da Hausar boko da ta ajami, a manna a jikin kowane bokiti. Ƙungiyar makanikai ta NATA tana da rassa a garuruwa, ta hannunta saƙon zai isa inda jami'in gwamnati ba ya zuwa. Duron mahaɗin bariyom kuma ya koma wa dillali, in ba hali a huda gindinsa kafin ya fita daga harabar masana'anta.

A ganina, aiki mafi yawa da ake yi da bariyom a yau kalsiyom zai iya yin sa. Kalsiyom salfonet yana hana tsatsa, haɗaɗɗen girisinsa da ya fito a tsakiyar shekarun 1980 yana jure ruwa da nauyi da zafi. Inda mai ƙera inji ya ƙayyade girisin bariyom, kamar sandunan nan masu gudu, sai a bi umarninsa, a kulle girisin a sito, a san wanda ke taɓa shi. Inda za a sauya kuwa, kada a ɗura sabo a kan tsoho, domin sabulai daban-daban idan suka gauraya giris na iya yin ruwa ya zube, boris ya ƙone. A kwance boris ɗin a wanke shi tas, tsohon girisin da ruwan wankin a zuba su a mazubi mai murfi, a rubuta bariyom a jikinsa da fenti.